Baba Mai Guga da Hankicin Lauya

Wata biyu da dawowata daga karatu, turaren da na taho da shi ya kai ƙasan kwalba. Na je shagon da ake sayar da irinsa, na ji kuɗinsa, na yi godiya na fito. Na kwashe kwanaki ina duba waya, ina karanta yadda masana ke jera turarukan maza, wannan na ofis, wancan na fita, ga kuma masu araha da aka ce sun yi kama da masu tsada. Da Yayana ya gaji da ni sai ya ce in daina wahalar da idona, in kwashi rigunana in kai wa Baba Mai Guga na bayan layinmu, in tambaye shi. Na ɗauka wasa yake yi. Ya ce mai shago farkon turare ya sani, amma ƙarshensa sai wanda ake kai wa riga bayan an cire.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai aski da mai gyaran fanka. Akwai dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, aka rufe da farin ƙyalle. Dutsen guga biyu ne, na lantarki da na gawayi saboda ɗauke wuta, ga kwanon ruwan yayyafi a gefe. Wata sanda ta ratsa daga bango zuwa bango, riguna sun fi saba'in a rataye. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu lamba ko ɗaya a jikinsu. A inda na yi karatu, ko safa ka kai sai an manna mata takarda.

Baba dattijo ne siriri, bayan hannunsa duk tabon tsohuwar ƙuna. Ya karɓi rigata, ya juya kwalar, ya kai hanci sau ɗaya.

"Kai ne ƙanin malamin nan da ya dawo," in ji shi. "Turarenka ba na nan ba ne, kuma ya kusa ƙarewa."

Na tambaye shi yadda aka yi ya san ya kusa ƙarewa. Ya ce ai na fara yi masa rowa, feshi ɗaya tak a gefen dama, na hagu kuwa zufa ce kawai.

Daga ranar na mai da bencin ƙofarsa wurin zamana idan na taso daga aiki. A hankali na haɗa labarinsa, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin mai aski, wanda ba ya barin kowa ya gama magana. Baba ya fara ne a ɗakin wanki na wani otal, a ƙarƙashin bene, inda ya shekara goma sha shida. Can ne wata rana takardun da ake liƙa wa kayan baƙi suka jiƙe suka narke, kayan ɗaki ashirin suka cakuɗe, shi kuwa ya zauna ya raba su da hanci, bai kuskure ko ɗaya ba. Da otal ɗin ya rufe sai ya kama wannan shagon. Da dutsen nan ya rufa wa kansa asiri, ya kai 'ya'ya biyar makaranta. Yana shinshina riga ne tun kafin ta shiga ruwa, ya ce wanki ba ya kashe ƙamshin mutum gaba ɗaya, rage masa murya kawai yake yi.

Shi kansa bai taɓa sa turare ba. Mai aski yakan tsokane shi da cewa rowa ce, wai mutumin da ya san ƙamshin kowa a unguwa, shi warin gawayi yake yi. Baba yakan ce in ya sa turare da safe, duk rigar da ya ɗaga shi zai ji, ranar kuwa sai liman ya koma gida da rigar direba.

Game da tambayata, bai yi saurin ba ni amsa ba. Ya ce abin da nake ji a shago gaisuwa ce kawai, kowane turare ya iya gaisuwa. Ya ce wani na tsada yana shigowa da hayaniya, kafin rana ta take ya gudu. Wani mai araha yana daɗewa, amma in ya haɗu da zufa sai ya yi tsami kamar abin da aka manta a mota. Akwai kuma wanda yake kyau a jikin wani, a jikin wani ya zama maganin sauro. Ya ce in ba shi lokaci ya ƙara sanin zufata tukuna.

Wata Talata na iske shi a zaune, dutsen gawayin ya huce. Riguna farare uku suna shimfiɗe a kan tebur, kowacce da tabo rawaya-rawaya a ƙirji, faɗin tafin hannu. Na wani lauya ne da ya shekara goma sha ɗaya yana kawo masa kaya, kuma ta dalilinsa ne duk ma'aikatan ofishinsa suke kawowa. Da safiyar ranar Lauya ya zo da kansa, ya ce Baba ya ƙona masa riguna, tsufa ya kama shi, ido ya tafi. Ya ce ranar Asabar zai dawo ya kwashe sauran kayansa, kuma zai gaya wa mutanen ofis su nemi wani wuri. Mai aski ya ce rabin sandar nan kayan ofishin ne. Baba bai yi maganar wannan ba. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne shekara arba'in yana riƙe dutse ba a taɓa cewa ya ƙona riga ba, yanzu kuma da wannan sunan za a tuna shi.

Ya nuna mini tabon a hasken ƙofa. Ya ce ƙuna tana ɗaukar siffar dutse, da tsininta a gaba, kuma zaren yakan yi ƙarfi. Wannan kuwa zagaye yake, zaren da laushinsa, kuma a wuri ɗaya yake a duk rigunan uku, daidai inda mai hannun dama zai fesa wa kansa turare. Ya ce wata huɗu ke nan da Lauya ya canza turare zuwa wani mai nauyi, mai yawan mai.

Washegari ya yanka wata tsohuwar farar riga da mai ita ya manta shekara uku, ya fitar da ƙyalle huɗu. Ya roƙi feshi ɗaya daga ɗan abin da ya rage mini. Mai aski ya kawo wanda yake fesa wa mutane bayan aski, mai araha, a wata kwalba mara ado. Mai gyaran fanka ya ba da nasa mai launin zinariya, wanda yake ji da shi. Na huɗun aka bar shi haka. Baba ya rataye su wuni guda, sannan ya ɗora musu dutse ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye a kansa kamar masu jiran sakamakon asibiti. Nawa bai bar tabo ba, amma ƙamshin ya tashi da tururi, bai dawo ba. Na mai aski bai bar tabo ba, kuma ƙamshinsa na nan a kwance. Na mai gyaran fanka kuwa, dutse na ɗagawa sai ga rawaya ta fito. Mai aski ya yi ta yawo da ƙyallensa a layi har yamma, yana cewa ga ɗan boko ya tsallaka teku ya sayo tururi.

Na ce wa Baba ai magana ta ƙare, abin da ya rage kawai shi ne ya nuna wa Lauya. Ya girgiza kai. Ya ce na farko, wannan ba turaren Lauya ba ne, kuma mutumin da aikinsa musu ne ba zai karɓi shaidar kwalbar wani ba. Na biyu, direban Lauya ya gaya masa cewa 'yar Lauya ce ta saya masa turaren da albashinta na farko. In ya ce turaren ne ya yi ɓarna, Lauya zai ji kamar an ce an cuci 'yarsa, alhali turaren mai kyau ne, na fata ne kawai, ba na yadi ba. Sannan ya faɗi na uku. Rigunan nan uku ba a wanke su ba. Lauya yakan sa riga na awa biyu, ya aiko direba da saƙon a yi guga kawai, yana sauri zai shiga kotu. Baba yana da doka tun yana otal cewa ba ya ɗora dutse a kan rigar da aka sa, amma saboda girman mutumin ya karya ta sau uku.

"In na faɗi laifin turare, sai na faɗi nawa," in ji shi.

Ya buɗe wani gwangwanin alewa da yake tara abin da ya tsinta a aljihu, maɓallai da biro da makullai. Ya zaro farin hankici a cikin leda. Na Lauya ne, daga aljihun riga ta ukun, ba a wanke shi ba, kuma ko daga inda nake ina jin ƙamshinsa.

Ranar Asabar da hantsi Lauya ya zo, direba na biye da shi da babbar jaka. Mutum ne mai jiki, mai magana a tsanake. Baba ya riga ya ninke masa kayansa duka. Bayan gaisuwa ya miƙa masa hankicin, ya ce nasa ne, yana neman izini ya goge rabinsa a gabansa, in ya ɓaci kuma ba zai gyaru ba. Lauya ya duba agogo, ya ce ya yi. Baba ya ɗauki dutsen lantarki, ya fara ɗora shi a kan ƙyallen da ba a fesa wa komai ba, ya ɗaga, fari tas. Ya rufe rabin hankicin da kwali, ya ɗora dutsen a kan ɗaya rabin. Ƙamshi ya cika shagon. Da ya ɗaga, rabi fari, rabi rawaya, layin kwalin a tsakani kamar an ja da rula.

"Ranka ya daɗe, turaren nan mai ne a cikinsa, na ainihi," in ji Baba. "Wanda ya zaɓa maka shi ya san abu mai kyau. A fata ake sa shi, kafin a sa riga. Ni kuma na san ba a ɗora wuta a kan mai, na ɗora saboda kunyarka. Wannan laifina ne. In ka bar mini kayanka, ba zan ƙara yi maka guga babu wanki ba, ko alƙali ne yake jiranka."

Lauya ya juya hankicin gaba da baya. Ya ce wato shi ake kafa wa sharaɗi. Baba ya ce eh. Mai aski yana tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Lauya ya sa hankicin a aljihu, ya ce wa direba ya ɗauki kayan. Suka tafi.

Sandar ta yi kwana tara da giɓi. Baba bai yi ƙorafi ba, sai dai ya rage hira. A cikin kwanakin ne ya ce in sayi irin na mai aski, amma in fesa a wuyan hannu in wuni da shi kafin in yanke shawara. Na saya, ya zauna mini, har yau shi nake sawa, kuma mai aski bai bar ni na manta ba.

A rana ta goma direban ya shigo da jaka, ya ajiye, ya ce Oga ya ce wanki da guga. Baba ya zaro farar riga ta sama, ya shinshina ƙirjin, sannan ya juya kwalar ya shinshina cikinta. Ya miƙo mini in ji. A ƙirji babu komai, a cikin kwala kuwa ga ƙamshin nan kaɗan, wanda ya taso daga wuya.

"Ya koma fesawa a fata," in ji Baba. Ya jawo kwanon gawayi da ƙafa, ya ce wa direban ya dawo jibi.