Reshen da Iya ta Dasa

Ranar wata Laraba ce, a bazarar shekarar da nake aji huɗu na firamare. Na dawo daga makaranta da takalmina a hannu, na tarar da jar akuyarmu ta tura kai cikin shingen ƙayar ƙofar gida, tana tauna ganyen ƙarshe na darbejiyar gwamnati, duk ɗacinsa. Ta ɗago ta kalle ni, ta haɗiye. Nan na zube a ƙasa ina kuka, domin ni aka ɗora wa kula da bishiyar, kuma washegari malamin daji zai zo dubawa.

Tun daminar da ta gabata ƙaramar hukuma ta fito da doka kan gandun dajin da ke arewa da garinmu, inda mata ke samo itacen girki. Mai unguwa ya tara mutane ya yi bayani: busasshe a ɗiba, amma wanda ya sari ɗanye sai kotu. Sannan aka raba wa kowane gida dashen darbejiya ɗaya a baƙar leda, aka ce gidan da ya bari tasa ta mutu, shekara guda ba shi ba shiga daji. Mu kuwa kakata Iya ƙosai da koko take sayarwa, karan gonarmu ba ya kai mu ko tsakiyar rani, da itacen dajin nan muke ci. Wata tara ina ba bishiyar ruwan wanke-wanke safe da yamma, ina korar dabbobin da kowa ya sake bayan girbi. 'Yan ajinmu sun rantse mini akwai gidan yari na musamman don yaran da suka kashe bishiya, inda ake yi musu miya da ganyen darbejiya. Ni dai tun asali matsoraciya ce, na yarda.

Iya ta fito ta dubi ɗan tsinken da ya rage, ta ce, "Share hawayenki. Ni da na raya 'ya'ya bakwai, bishiya ce za ta gagare ni?" Bayan la'asar ta ɓoye gatari a cikin mayafi ta nufi daji, ta dawo da reshen darbejiya kore shar. Ta haƙa rami ta kafa shi, ta danne da dunduniya, ta barbaɗa busasshiyar ƙasa a kai. Sai dai darbejiyar maƙwabtanmu ta kai ƙugu, Iya kuwa ba ta yarda a fi ta, don haka ta zaɓo wanda ya fi ni tsawo.

Da hantsi malamin daji ya iso a kan babur, da korayen kayansa da littafi a hammata, mai unguwa na biye. Ya zagaya bishiyarmu sau biyu, ya ɗaga ganye ya leƙa.

"Iya, wata tara da dashe, har ta yi 'ya'ya?"

"Gidan nan akwai albarka, ɗan nan. Ko kajinmu ba sa jiran lokaci."

Ya sa yatsu biyu ya ja, reshe ya fito sumul, gindinsa fari tas da sabon sara. Ban jira a tambaye ni ba. Na durƙusa na zayyana komai, akuya da gatari da mayafi, har da tsamiyar da na tsinka a daji bara. Iya ta harare ni ta ce, "Ke dai ba a sata da ke." Malamin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, na zata fushi ne. Da ya gama dariyarsa ya ce laifinmu biyu, amma dokar ta yi wa mai laifin farko sassauci: mu dasa biyar a cikin gandun, mu raya su har damina ta zauna, ba kotu, ba hana itace. Iya ta amsa da "to" mai ƙarfi. Ko bokiti ɗaya ba ta ɗauka ba. A inuwa take zama tana nuna mini wadda ban ƙosar ba. Huɗu suka rayu.

Yanzu gandun ya zama fuloti da tubalin siminti, babu mai zuwa duba komai. A watan jiya iskar ruwan farko ta taho ta wannan fili ba abin da ya tare ta, ta yaye kwanon ɗakina ina rungume da jaririyata. Mun tsira, alhamdu lillahi, amma har yau ko labule ya motsa sai na ɗaga kai na dubi rufin ɗaki. Na ji a rediyo wai majalisa na duba sabuwar dokar farfaɗo da dazuzzuka, na ƙara murya na saurara har ƙarshe. Ashe tsoron malamin daji mai sauƙi ne.