Shirun Injin Walda

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na mai walda a Gwange, kuma rabin zaman maƙwabtakarmu a tsokanar juna muka cinye shi. Shi Babarbare ne, ni kuwa kakannina a bayan shanu suka shigo Maiduguri, don haka tun kafin a haife mu an riga an halatta mana zagin juna. Da safe in na fito zan tafi makarantar da nake koyar da aikin lantarki, sai ya ɗaga baƙin gilashinsa ya gaishe ni da yarensu ya ce, "Wushe, bawana. Aljanun naka sun yi magana jiya?" Ni kuma in ce sun yi, sun ce in gaya wa Babarbaren banza ya bar su su huta.

Aljanun da yake nufi wani aikin sha'awa ne da ya shiga raina tun ina saurayi. Akwai mutane a ƙasashe masu nisa da suke haɗa rediyo a gidajensu, su riƙa aika saƙo a dogon zango, can ƙasa da inda tashoshi suke magana. Saƙon ba murya ba ne, ɗan sauti ne siriri da ake kunnawa a kashe a hankali, kuma kafin ya ƙetaro teku da hamada ya iso Borno ya raunana har kunne ba ya kama shi. Ni ban taɓa aikawa ba, saurare kawai nake yi. Na ɗaura doguwar waya a kan bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida na haɗa ta da rediyo, rediyon kuma yana zuba shuuu ɗinsa cikin kwamfuta. Manhajar da ke ciki ita ke tankaɗe wannan hayaniya kamar gari a rariya, ta tara ɗan abin da ya saura, ta zana shi a allo. In an yi sa'a, sai a ga wani farin layi a gutsure yana rarrafe a cikin baƙi. Wannan layin nake nema, kuma ban taɓa ganinsa ba.

Dalilin yana bayan katanga. Saƙon ba ya isowa sai rana ta faɗi, wutar lantarki kuma a unguwarmu sai wajen magariba ake kawo ta. Da an kawo, ni in kunna kwamfuta, shi ya kunna injin walda. Duk tartsatsi ɗaya da ya yi, allona sai ya yi fari fat. Na saita manhajar ta riƙa yanke duk ƙarar da ta yi tsalle farat ɗaya, ta yi ta yanka har ba abin da ya rage. Na matse tacewar iya matsewa, walda ta bi ta ƙofar allura ta shigo. Akwai ranar da na rufe kwamfutar da ƙarfi har matata ta leƙo ta ce, "Mutum yana neman abincin 'ya'yansa, kai kana fushi a kan zare." Na kuwa san gaskiya ta faɗa.

Sai garin ya rikice. Aka sa dokar hana fita, aka hana babura, daga baya aka katse layukan waya gaba ɗaya. Wanda bai san ko zai kwana a gidansa ba ba ya sa a yi masa sabuwar ƙofa, don haka aikin maƙwabcina ya ja baya sosai. Ana cikin haka aka yi masa tayin gyaran ƙofofin shaguna a wani gari da aka ƙona, can kan hanyar tafki, za a bi rakiyar sojoji a je. Matarsa ta roƙe shi kada ya tafi. Ya ce roƙo ba ya cika tukunya, ya ɗaure injinsa da igiya. Ranar tafiyar ya leƙo ta saman katanga ya ce mini, "Na ba ka hutun 'yan kwanaki. In ba ka kama komai ba, ka sayar da akwatin nan ka sayi akuya, ka koma sana'ar gidanku."

Ranar da ya ce zai dawo ta zo ta wuce. Sai aka fara raɗe-raɗin an tare hanyar, wasu su ce motocin gaba aka buɗe wa wuta, wasu su ce na baya. Babu waya balle a kira. Ni da yayansa muka je tasha muna tambayar direbobi, muka je asibiti aka buɗe mana fuskokin da har yau ba na son tunawa, ba ya ciki. Matarsa ta koma wuni a gidanmu, don ta ce shirun gidanta yana cin ta. Kullum bayan sallar magariba liman yakan sa a yi masa addu'a.

Ina ɗaga hannu tare da kowa, ina cewa amin, kuma Allah ya sani ina son mutumin nan. Amma da an shafa, ƙafafuna sauri suke yi zuwa gida. Allon bai taɓa yin kyau irin na kwanakin nan ba: baƙi wuluk, babu walda, babu babur, rabin unguwa sun gudu da injinansu. Wata rana a sahu na kama zuciyata tana cewa Allah ya dawo da shi lafiya, amma ba yau ba, gobe. Na yi istigfari, na ji kunyar kaina. Duk da haka da na koma gida sai da na kunna.

Tsakanin magariba da lisha layin ya fito. Ya fara kamar ƙura a kan gilashi, har na sa yatsa zan goge. Sai ya miƙe, ya yanke, ya sake miƙewa, daidai yadda na daɗe ina gani a hotunan wasu. Na tashi tsaye na ƙwala wa matata kira, "Zo ki gani, na samu, wallahi na samu."

Na manta ba ita kaɗai ce a gidan ba. Matar mai walda ce ta riga ta isowa ƙofar ɗakin, ko takalmi babu, mayafinta ya zame. Ashe duk kwanakin nan tana jin shuuu ɗin rediyona daga tsakar gida, ta ɗauka labarin mijinta nake nema.

"Malam, an ji shi? Yana ina?"

Na ce, "A'a, ba shi ba ne. Wani abu ne daban."

Ta dubi allon, ta dubi fuskata, murmushin bai gama sauka daga bakina ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, Allah ya sanya alheri," ta koma ta zauna a tabarma. Matata ta je ta zauna kusa da ita, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki mai walda ya dawo da rana tsaka a bayan motar itace, ƙafafunsa a naɗe da tsumma, leɓɓansa sun tsattsage. Abin da ya faɗa kaɗan ne: an tare su, ya faɗa daji, ya yi ta tafiya har wasu masu saran itace suka tsince shi. Unguwa ta cika gidansa da barka. Ni da nake katanga ɗaya da shi, ni ne kusan na ƙarshen shiga, na gaishe shi kaina a ƙasa na fito.

Bayan ya ɗan ji ƙarfi, wata la'asar sai ga shi yana ɗingishi a zaurena, yana dogara sanda.

"Uwargida ta ce ka samu abin da kake nema."

Na ce na samu.

"Nuna mini."

Da ɗan cajin da ya rage a kwamfutar na buɗe hoton da na adana. Ya matso da fuskarsa dab da allon, ya runtse idanun nan da wutar walda ta daɗe da cinyewa, ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Ko ba komai tafiyar ta yi wa wani amfani. Injin ma can na baro shi, ban ga ranar sayen wani ba. Yanzu babu mai damunka."

Na dubi fuskarsa ina neman alamar tsokana, don in tsokana ce zan iya ramawa, mu yi dariya, in samu in yi numfashi. Babu. Da zuciya ɗaya yake taya ni murna. Ya tambaya ko ina da kujera mai ɗan tsawo, don ƙafar ba ta son lanƙwasawa, kuma yana so ya jira a kawo wuta ya ga yadda abin yake fitowa da idonsa. Na je na ɗauko masa.