Ƙasar Sawun Jikata

Mu a gidanmu ba a barin matafiyi ya tafi duka. In ya ɗaga ƙafa daga ƙofar gida, wata babba takan duƙa ta ɗebi ƙasar sawunsa na dama, ta ƙulle a tsumma ta ɓoye. Ko ina ya je, ƙasar nan za ta jawo shi gida. Haka na ga uwata tana yi wa yayyena masu fataucin gishiri, kuma babu wanda ya ɓace mana.

To, ran da jikata, ƴar babban ɗana, za ta tafi Maroko karatun likita, ni na duƙa. Takalminta yana da zanen ganye a ƙasa, har yau ina ganinsa a kan rairayin. Na ƙulle ƙasar a wani tsohon kallabina, na tura ƙarƙashin randa. Ban gaya wa kowa ba.

A gindin randar nan ta girma. Ni ban taɓa taka lakwal ba, ko baƙin boko ɗaya ban sani ba, amma duk unguwarmu a Gaya ta Nijar an san ruwana. Daga kogi ake kawo shi jawur, in tace da farin ƙyalle, in zuba dakakkun ƴaƴan zogale, in rufe. Ita kuwa sai ta ɗaga faifan ta yi tagumi, tana kallon laka tana sauka a hankali, har fuskarta ta bayyana a ciki.

Shekaru suka tafi, ta zama cikakkiyar likita. Wata rana ta kira ni a salula.

"Tsohuwa, kin san ƙoda?"

"Ni za ki tambaya, ƴar nema? Layya nawa na gasa kafin a haifi ubanki?"

"Ba ta rago ba, ta mutum. Aikinki take yi, Kaka. Ita ce ƙyallen da ke tace jini. Akwai wata ƙasar Turawa da ake koyar da gyaranta, can nake son wucewa."

"Ashe sana'ata za ki sata, sai kin je Turai?"

Ta yi dariya, na yi. Da na ajiye salular sai idona ya kai gindin randa.

Ta ci jarrabawarsu, amma takardun tafiya suka ƙi fita. Yau a ce wata ta tsufa, gobe a ce wata ba ta da hatimi. Damina biyu ana abu ɗaya. Muryarta ta koma siririya, ta daina ce mini tsohuwa, sai dai "Kaka, ki yi mini addu'a." Ina yi, amma na san abin da na sani.

Wata la'asar ina gyangyaɗi a inuwar mangwaro sai na gan ta. Tana sanye da farar riga, tana tafiya a kan kogi kamar a kan tabarma, masu kwale-kwale suna kauce mata. Ƙetaren ba garin Malanbil da muka saba hangowa ba ne, wani gari ne fari fat, mutanensa suna zaune da kumburarrun ƙafafu suna jiran ta. Saura taku kaɗan ta kai, sai ta tsaya. Akwai zare a idon sawunta. Na bi zaren da ido, na same shi a hannuna.

Kwana uku na yi ina zagaya randar. Haƙorana sun ƙare, gwiwoyina sun gaji. In na kwance ƙullin nan, me zai dawo mini da ita kafin a kai ni makwancina? In na bar shi, ni ce na tsare ta a tsakiyar ruwa.

Rana ta huɗu da hantsi na ɗauki sandata na gangara bakin kogi, can ƙasa da gada inda manyan motoci ke jerin gwano. Ƙullin ya yi tauri, sai da na jiƙa shi sannan ya kwance, na zazzage shi a kogin. Ƙasar ba ta fi cikin cokali ba. Ta ɗan yi ja a kan ruwan, ta bi shi kudu.

Bayan an yanke shinkafa takardun suka fita. Ubanta ya ce haƙurinta ne, uwarta ta ce saukar Alƙur'anin da aka yi. Na bar su.

"Tsohuwa, shekara huɗu ne. Ki jira ni, kin ji?"

"Ni ba na jiran kowa. Ruwa yana randa, in kin zo ki sha."

Yanzu ba abin da zai kawo ta sai ƙafarta. Kallabin na wanke shi ya yi fari, da shi nake tace ruwa kowace safiya.