Ranar da Na Kai Faifan Marigayi Wurin Aiki

A wani shagon gwanjo a Wilmslow Road maigidana ya tsinto faifan. Kiɗan jaz ne, mutum ɗaya da ƙahonsa yana busawa a hankali kamar mai lallashin jariri, babu muryar kowa. Na ce, "Malam, wannan ai kiɗan zaman makoki ne." Ya ce mawaƙi ne kawai babu, kuma ga shi Allah ya kawo.

Shi ke nan fa, na shiga uku. Kullum in yana wanke kwanuka a flat ɗinmu na Rusholme sai ya kunna, ya dinga ɗora wa ƙahon baitocinsa da Hausa. Wannan waƙar ta tuwona da ya kama ce, waccan ta landlord da ya ƙi gyara mana heater ɗin ɗumama ɗaki, wata kuwa tsiya ce zalla yake yi wa bas ɗin safe. Muryar, Allah ya jiƙansa, gara dai kada a ce komai. Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba. Wa zai zauna rubuta shirme?

Bayan rasuwarsa na koma Birmingham, na kama ɗaki a Handsworth, na samu aiki a care home, gidan kula da tsofaffi. Ban san kowa ba. In kewa ta ishe ni sai in kunna faifan, baitocin su zo da kansu. Iyakar abin da ya rage min na muryarsa ke nan.

Wata la'asar na tarar da tsofaffin sun yi jugum a falo, karambani ya sa na ciro faifan daga jaka na sa musu. Ƙahon na farawa, wata tsohuwa da ko 'yarta ba ta ganewa ta ɗago kai ta kama waƙa da Turanci. Sauran suka amsa. Ashe waƙoƙin suna da kalmominsu tun zamanin ƙuruciyarsu! Daga ranar kullum sai sun roƙa. Da wane baki zan hana su? Wata da watanni ina raba shayi ina jin su.

Da na dawo da faifan ɗakina daga baya, na rufe ƙofata, na kunna, na zauna ina jiran Malam. Turancin tsofaffin nan ne ya yi ta zuwa bakina. Na mayar baya, na sake. Na kashe, na gwada rerawa haka nan a ɗakin. Ko rabin baiti ban iya kawowa ba. Kuma babu wanda zan tambaya, don ni kaɗai ya taɓa rera wa su.