Wasa Uku a Waje, Cikin Iska

Ni malamin makaranta ne a Yelwa lokacin da ruwan dam ɗin Kainji ya cinye garuruwan bakin kogi, aka tayar da mutane zuwa sababbin matsugunai. Don a ɗebe wa matasa kewa sai aka kafa gasar ƙwallo tsakanin ƙauyuka. Da yake rubutuna na da kyau, ni aka damƙa wa tsara jadawalin wasanni.

Dokar ba wuya. Kowace ƙungiya ta buga ɗaya a gida, ɗaya a waje. A rubuta sunaye, a zuba cikin hula, a ciro a bainar jama'a. Kuma ba a sa 'yan ƙetaren ruwa su hau jirgi a farkon damina, lokacin da iska ke haukata tafkin.

Wani ɗan kwangila mai ƙungiya ya fara aiko min da busasshen kifi. Na ci, ban tambaya ba. Sai ga keke sabo fil. Ranar ƙuri'a na maƙale takardarsa a naɗin hula, na ciro ta inda yake so. Har daɗin wayona nake ji. Shekarar da 'yan ƙetare suka kusa ƙwace masa kofi, na jera musu wasa uku a waje, duk cikin iska.

Manu, kyaftin ɗinsu, ya same ni a makaranta. Ya ce, "Malam, ruwanga ba kogin da munka sani ba na. Ka ɗaga muna ko mako guda." Na ce duk wanda bai zo ba an cinye shi.

Suka taso. Iska ta maka jirginsu a kan wani itace da ruwa ya rufe. Sauran suka fita, Manu da golansu ba su fita ba.

Da aka yi bincike ɗan kwangilar ya ce bai ma san ni ba. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku, kuma wallahi ya yi min sauƙi.

Ina fitowa na ƙetara, na durƙusa gaban innar Manu ina kuka. Ta dube ni ta ce, "Mi kaka so in ce maka, Malam? Tashi, rana na dukanka."

Sau huɗu ina komawa. Na biyar sai kabarinta aka nuna min.

'Ya'yana, in aka ba ku amanar tsara wa mutane wani abu, ko wasa ne, ku mayar da kyautar farko. Ni na tuba, kullum ina roƙon Allah. Amma haƙƙin na baiwar Allahn nan ne, kuma ta tafi ba ta ce ta yafe ba.