Wayar da Na Riƙe a Cikin Fiffike

Maman Hauwa, jiya da dare wani mafarki ya zo min, ga shi har an yi azahar kafaɗuna ba su daina ciwo ba. Tun muna ajin yaƙi da jahilci ke muke kawo wa irin wannan, shi ya sa na ce bari in rubuto miki.

Kin san babban yaron nan nawa, na fari. Tun da ya yi haɗarin babur hannunsa na dama yake rawa, ya bar gyaran rediyo, ya shige ɗaki. Ba abin da ya fito da shi sai ƙananan jiragen saman nan da yake haɗawa da farin soso, yana tuƙa su da rimot a filin ƙwallo. A cikin kowane fiffike akwai ɗan inji, sarbo suke ce masa, shi ke ɗaga leɓen fiffiken ya sauke. Wayarsa gajera ce, sai an yi mata ƙari kafin ta kai cikin jirgin. To wannan ƙarin hannunsa ba ya iyawa, ni nake yi masa. Wayoyi uku ne sirara, baƙa da ja da ruwan ɗorawa. In fere bakinsu, in matse kowace a ɗan ƙarfenta da filaya, in ja ta in ji ko za ta zare, sannan in tufke su kamar kalaba. Jirginsa na baya yana sama mahaɗar wayar ta rabu, ya faɗo ya tarwatse. Ya koma ɗaki, abinci ma sai na zauna a kansa. Tun daga nan duk mahaɗa sai na ɗaure ta da zaren kitso. Sabon jirgin an gama shi, ranar Asabar zai tashe shi.

A mafarkin ina zaune a tsakar gida kan tabarma ina tufka wayoyin nan. Ina tufkawa suna ƙara tsawo. Sun cika cinyata, sun zubo ƙasa, sun bi ta zaure sun fita waje. Na tashi ina bin su ina naɗewa a hannu, ban gama ba. Sai kawai na gan ni a wani dogon soro fari fat, ba taga, ba ƙofa, bangon da na dafa sai ya lotsa. Na gane cikin fiffiken nake. Ban yi mamaki ba, kamar dama nan nake kwana.

Wayar tana shimfiɗe a ƙasa, ta yi kauri kamar igiyar guga. Na bi ta har mahaɗa. Zaren da na ɗaure yana nan, amma ya zama tsumman zanin goyo, wanda na goya yaron da shi yana jariri, mai ruwan bula. Ya tsufa, yana yagewa a hankali. Na ji ƙarar farfela, ƙasa ta karkace. Ashe mun tashi.

Mahaɗar ta fara buɗe baki. Na durƙusa na kama gefe ɗaya da hannun dama, ɗaya da hagu, na haɗa su a ƙirjina. Duk lokacin da ya juya jirgin sai su ja ni kamar za a raba ni biyu. Sarbon yana gefena, girmansa kamar injin markaɗe, yana ta kuka ƙasa-ƙasa. In na ɗan saki sai ya yi shiru, jirgin ya sunkuya. In na matse sai ya farfaɗo.

Sai kawai ga marigayiya Innata zaune a can ƙarshen soron tana tsince shinkafa a faifai. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na ce, "Inna, zo ki kama min, hannuna ya mutu." Can ta ce, "Har yanzu goyon kike yi?" Ta ci gaba da tsintarta.

Bangon ya tsage ta ƙasa, na hango filin. Mutane cike, manya da yara, duk sun ɗaga kai. Ga yarona nan a tsakiya da rimot. Maman Hauwa, dariya yake yi. Irin dariyar da rabona da ganinta tun kafin haɗarin. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Bai san ina ciki ba.

Na so in ce masa ya sauke jirgin haka nan, na gaji. Amma kin san tun da na haife shi bakina bai taɓa faɗin sunansa ba, ɗan fari ne, haka muka taso. "Kai" nake ce masa a gida, kuma ya san da shi nake. Na ce, "Kai! Kai!" Duk mazan filin suka waiwayo, kowa yana nuna ƙirjinsa, ban da shi. Na sake kira. Sunan yana nan a maƙogwarona, na ji nauyinsa, ya ƙi fita. Sai kawai ya ƙara wa jirgin wuta, muka yi sama, filin ya koma kamar faifan Inna.

Yatsuna suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ban san ko na saki ba. Kiran sallar asuba ne ya tashe ni, na tarar na damƙe bakin zanina da hannu biyu, farce ya shiga tafina.

Bayan na idar da salla na je ɗakinsa na leƙa. Yana barci, jirgin na jingine a bango. Na san na ja kowace waya, na san na ɗaure mahaɗar, ƙulli kan ƙulli, a gabansa ma na yi. Amma ya riga ya liƙe fiffiken da gam, ba a ganin ciki sai an yanka. In na ce ya yanka, aikinsa ya ɓaci, kuma zai gane tsoro nake ji, shi da sai yanzu ya fara cin tuwo ba tare da na tsaya a kansa ba. In na yi shiru kuma jirgin ya faɗo, ban san ko ina da ƙarfin sake fito da shi daga ɗakin nan ba.

Na tsaya a bakin ƙofa na gwada faɗin sunan a hankali, ni kaɗai, ko a farke bai fito ba.

To ke me kika gani a ciki? Nuna min ake yi in sa a buɗe fiffiken a duba kafin Asabar? Ko kuwa Inna cewa take in saki, in ga ko zaren zai riƙe ba da ni ba?