Kofin Malam Daga-Nan

Shekara talatin da ɗaya ke nan da Malam Daga-Nan ya fara koyar da insha'i a makarantarmu. Ranar Alhamis da ta wuce ya yi ritaya, aka miƙa mini mabuɗin ajinsa, ni da na taɓa zama a bencinsa na farko.

Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa yana cikin aji. Da kansa yake goge allo, sannan ya ajiye kofin ruwansa na gilashi daf da bakin tebur. Yara ne suka laƙaba masa sunan, domin duk mai ba da labari, da ya tsaya numfasawa sai Malam ya ce, "Daga nan fa?"

A jarrabawar fita akan bukaci ɗalibi ya rubuta abin da ya taɓa faruwa da shi. A sauran azuzuwa haddace labari guda ake yi, yara arba'in su shiga zauren jarrabawa kowa da haɗarin mota iri ɗaya. Ni ma na haddace nawa daga littafin yayata, na rubuta na miƙa. Malam ya karanta, ya ɗago kai.

"'Yata, ke a ina kike zaune cikin motar?"

Na laluba takardata, babu inda na rubuta hakan.

"To, direban ya tsira?"

Na ce ban sani ba.

"Allah ya ba shi lafiya, idan akwai shi."

Washegari yana rubutu a allo, gwiwar hannunsa ta ture kofin ya tarwatse, ruwa ya malalo ƙarƙashin bencinmu. Ya hana a share. Ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani: yaushe ne, ina yake zaune, me ya fara faruwa, me ya biyo baya, me ya ji a ransa. Takarda arba'in, babu biyu da suka zo ɗaya. Tawa ta ƙare da jiƙaƙƙiyar safata. Da irin wannan rubutu na haye jarrabawa, cikin ikon Allah.

Da na tashi rubuta wannan jinjina na nemi shaidu kan ko da gangan ya ture kofin, sai suka ƙara ɗaure mini kai. Mai sharar makaranta ta ce duk shekara sai kofin ya fashe, mako uku kafin jarrabawa, ita ke kwashe gilashin. Mai ɗakinsa ta yi dariya ta ce, "Wace dabara? Ko a gida haka yake, bai bar mana kofi ko ɗaya ba." Wani tsohon ɗalibi ya dage cewa a shekararsu faranti ne. Sai na je wurin Malam.

"Malam, da gangan kake yi?"

"Ke me kika gani?"

"Na ga ya faɗi."

"To, rubuta haka. Daga nan fa?"

Malam, kai ne ka nuna wa yaron da ke ganin rayuwarsa ba ta da labari cewa jiƙaƙƙiyar safa ta ishi takarda. Har yau ban sani ba ko hikima ce ko santsin hannu. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa masu riƙe da alli su bi sawunka.

Jiya shugaban makaranta ya dire mini tulin labaran hadda. "Malama, saura mako uku. Malam ya tafi da gwiwar hannunsa. Raba musu, kada yara arba'in su faɗi a hannunki." Na tsaya ina juya takardun, ban tabbata kuskure yake yi ba.

Na mayar da su ofishinsa. Gobe zan shiga aji da kofin gilashi.